Irin da Ya Zo Daga Jos

Ni a duniya ba abin da ke ƙona min rai kamar a ce min za ki gani. In kana da magana ka faɗa min yanzu, in ba ka da ita ka ja bakinka ka yi shiru. To, da wannan Baban Rahma ya bar ni.

Maigidana ke nan, Usaini, fataucin kayan gwari yake yi. Da rani ya kwashi tumatirin nan namu na Kura ya yi kudu da shi, da damina kuma in namu ya ƙare ya hau Jos ya sauko da kabeji da karas da dankali. A tafiyarsa ta ƙarshe, dab da kaka, ya shigo da yamma ina tankaɗe a tsakar gida, ko takalmi bai cire ba ya zaro wani ɗan ƙullin leda daga aljihu ya ajiye min a cinya.

Na ce, "Mene ne wannan kuma?"

Ya ce, "Iri ne."

"Irin me?"

"In sanyi ya shigo ki shuka, za ki gani."

Na kwance ƙullin. Wani baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, duk bai cika cokalin shayi ba. Na shinshina, ba ƙamshi ba wari. Na ɗan lasa, ba ɗanɗano. Na bi shi har ƙofar banɗaki ina tambaya, shi kuwa sai dariya yake yi ƙasa-ƙasa, ya ja labule ya bar ni tsaye. Na ce a raina ai akwai gobe, sai na tatsi maganar nan daga bakinsa ko yana so ko ba ya so.

Ba a yi mako ba ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Hawan jini. Muka yi jinya a wani asibiti a Kano, aka sallamo mu da ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace, magana kuma ta tafi. Likita ya ce wata rana tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Hannun da yake rubutu da shi ya mutu, na hagun kuwa in ya kama biro sai jagwalgwalo. Mutumin da in yana ciniki a kasuwa ana jin muryarsa daga bakin titi, ya koma sai dai ya bi ni da ido. Na yi kuka har na gaji, na share hawaye na kama wankin zannuwa.

Sai da sanyi ya fara shigowa, aka sako ruwa a kanal kowa ya fita rainon tumatir, sannan na ci karo da ƙullin nan a cikin kwalla. Na ɗauko na zauna a bakin katifarsa na nuna masa. Wallahi tun da muka dawo ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba.

Na ce, "To tunda ba ka iya faɗa, ni zan faɗa, kai ka ɗaga kai ko ka girgiza. Alayyahu ne?"

Ya girgiza.

"Taba ce? Baban Rahma, ba dai taba ka kawo min gida ba?"

Ya girgiza.

Na lissafo riɗi da latas da kanumfari da duk wani abu mai ƙananan 'ya'ya da na sani, kai sai girgizawa yake yi. Na canza dabara. Ana ci? A'a. Magani ne? A'a. Dabbobi ake ba wa? A'a. Na tafa hannu na ce, "Ikon Allah! Abin da ba a ci, ba a sha, ba a ba wa akuya, to uban me ake yi da shi?" Ya buɗe baki yana ƙoƙari, wuyansa har jijiya ta tashi, abin da ya fito sai wani a-a-a. Ya gaji ya juya fuska bango. Daga ranar na ɗaura ɗamara. Amsar tana cikin ƙullin nan, ba wanda ya san ta sai mutumin da ba ya magana, kuma ba ni da wani irin in wannan ya salwanta.

Na aika aka kira min Yaya Baballe, wan maigidana, wanda gidansa ke bayan namu. A unguwarmu in ana maganar albasa shi ake fara ambata, tun yana saurayi ita yake nomawa. Ya zuba garin a tafin hannu ya kai shi kusa da ido.

Na ce, "Yaya, ya ce ba a ci."

Ya ce, "Ke Rauda, mara lafiya kai kawai yake kaɗawa. Usaini ne zai ɗauko abin banza tun daga Jos? Duk abin kirkin da ke zuwa daga can a ƙarƙashin ƙasa yake. Dankali, karas. Wannan ma ɗan'uwansu ne, ki sa ido."

Ya yi ɗan bedi a gindin katanga irin wanda ake yafa irin tumatir, ya yafa, ya rufe da ƙasa, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, ya kwarara ruwa. Allah ya taimake ni ban ba shi duka ba, rabi na ba shi na ƙulle rabi a bakin zani. Kullum da safe in ɗaga ciyawar nan in leƙa. Aka yi mako, aka yi biyu, aka shiga na uku. Abin da ya fito gasaya ce da wata 'yar ƙaya. Yaya Baballe ya zo ya tona da yatsa, ya taɓe baki ya ce irin ya mutu tun a hanya.

A lokacin Baban Rahma ya ɗan samu ƙarfi, muna fito da shi hantsi mu jingina shi da bango a kan tabarma. Na samo tsohon daro da ya huhhuje, na cika shi da ƙasar bakin kanal da ɗan taki da ya ruɓe, na kawo gabansa don ya gani. Na jiƙa ƙasar, na barbaɗa ragowar irin, na ɗebo wata ƙasar a hannu zan rufe. Kawai sai na ji an make min hannu, ƙasar ta watse a zanina.

"Haba Baban Rahma! Duka kuma?"

Ya jawo daron da hannun hagu, ya sa tafinsa a kan ƙasar ya danna a hankali, ya ɗaga. Ya nuna rana. Ya nuna daron.

Na ce, "Kada a rufe? A bar iri a fili tsirara? A ina aka taɓa yin haka?"

Ya ɗaga kai. Da na ɗauko buta zan zuba ruwa ma sai da ya yi min gurnani, ya nuna tsintsiya. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane. Tsoma ta zan yi a ruwa in yayyafa, don kada ruwan ya tafi da irin. Wato tsayawa ya yi a can Jos aka koya masa duk wannan, shi da ko barkono bai taɓa dasawa a gida ba. Abin ya ƙara ɗaure min kai.

Zuliha maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta same ni ina yayyafa wa daron ƙasa ruwa da tsintsiya. Ta ce, "Maman Rahma, lafiya? Ko jinyar ce ta fara taɓa ki?" Na ce ta je ta ji da tukunyarta da ke ƙauri. Amma ranar da wasu koraye sirara kamar zare suka ɓullo a saman ƙasar, ita na fara ƙwala wa kira. Muka durƙusa mu biyu muna leƙe, manya da mu, har gwiwoyinmu suka yi ciwo. Ta ɗauki hotonsu a waya ta tura wa matan unguwa. Wata ta ce barkono ne, wata ta ce lalle, wata ta ce in yi hankali kada ya zama abin da hukuma ke kamawa. Kowa da bakinsa, ba wadda ta sani.

Da suka yi ganye suka ɗan yi ƙwari na dasa su a gindin katangar da rana ke bugawa da safe, tazarar taƙi ɗaya-ɗaya, shi yana nuna min da yatsa daga kan tabarma. Na kafa kara na zagaye su da tsohon gidan sauro saboda kaji da akuyata, wadda ba ta da aiki sai ɓarna. Ganyen siriri ne mai tsini, ya so ya yi kama da na barkono amma ba shi ba ne. Suna son sanyin nan sosai. Da safe in ka taɓa su sai ka ji su a miƙe cas. Na gane ba sa son a jiƙa musu ganye, a gindi suke son ruwa, kuma ba sa son ya kwanta musu yadda muke cika fangalin tumatir. Biyu da na cika wa ruwa suka yi yaushi suka ruɓe daga ƙasa, na sha harara a wurin maigida ranar.

Shi kuwa shukar nan ta zama abin da ke fito da shi. Da, sai na yi ta lallashi kafin ya yarda a ɗaga shi. Yanzu gari na wayewa zai fara buga ƙofa da sandarsa a fito da shi. In yana kallonsu har kunu yake shanyewa ba gardama. Ni kuma in zauna gefensa ina tsinke zogale ina ta hasashe, shi yana girgiza kai.

Sanyi ya fara ja da baya sai kowace ta fitar da kara a tsakiya, dogo, da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle jere a jikinsa. Na ce to, ga 'ya'yan nan tafe, kwana kaɗan ya rage in ga abin da ake ɓoye min. A daidai lokacin Rahma, 'yarmu da ke aure a Madobi, ta haihu. Haihuwar fari, ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na bar wa Zuliha girki, na roƙi Yaya Baballe ya riƙa kwana da ƙaninsa yana fito da shi, ya kuma zuba wa shukar ruwa a gindi. Ruwa kawai na ce. Allah shi ne shaidata, ruwa kawai na ce.

Bayan suna na dawo a adaidaita, da kayan yaji da ƙullin alkaki, ko mayafi ban cire ba na nufi gindin katanga. Innalillahi! Duk karan nan an karya su. Ko ɗaya ba a bari ba. Ga su can an tara a gefe sun bushe, akuya na taunar ɗaya. A ƙarshen layi kuma an tumɓuke guda, an mayar da ita a karkace.

Yaya Baballe ya fito daga ɗaki yana gyara hula, fuskarsa fal fara'a.

Ya ce, "Sannu da hanya. Kin ga na gyara miki su. Saura kaɗan ki yi asara, duk sun tafi fure. Ai in albasa ta fitar da karan nan ba a barinsa, karyawa ake yi, ƙarfin ya koma ƙasa kan ya yi girma. Na tona ɗaya na duba, har yanzu ba ta fara kai ba, sai saiwa. Amma yanzu za ta fara."

Na buɗe baki na rufe. Wan miji ne, ko sunansa ba na kamawa gatsau, ina ni ina ɗaga masa murya. Amma abin da ke cikina in bai fita ba fashewa zan yi. Sai na juya kan akuya.

"Ke! Shegiyar akuya mai shisshigi! Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? An ce miki komai na duniya albasa ne? Abu ba naki ba, ba ki san shi ba, ba ki tambaya ba, sai ki kama karyawa? Ruwa kawai aka ce, ruwa!"

Akuya ta tsaya tana kallona da kara a baki. Zuliha da ta leƙo ta katanga ta yi maza ta janye kanta. Yaya Baballe ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, bai ko sa su ba ya fice.

Na shiga ɗaki na tarar da Baban Rahma fuska a bango. Zuliha ce ta gaya min daga baya, a gabansa aka yi. Ya yi ta gurnani yana buga sanda a ƙasa, wan nasa ya zaci fitsari yake ji, ya kawo masa fo. Tun ranar ya daina yarda a fito da shi, kunu ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Na zauna a bakin katifar, tausayinsa ya kama ni, haushi ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don na ga yadda mutum ke sakin jiki in ya fid da rai. Iri ya ƙare. Ga zafi ya kunno kai, shukar da sanyi take so.

Ban daina ba su ruwa ba, don ban san abin da zan yi ba in na daina. Wata safiya na sunkuya sai na ga a ƙasan inda aka karya, a hammatar ganye, wasu ƙananan rassa sun ɓullo, dama da hagu. Na duba ta gaba, haka. Na ruga ɗaki.

"Baban Rahma, sun yi reshe! Inda aka karya ɗaya biyu sun fito!"

Bai juyo ba. Na ce to zauna nan, ni dai ban gama da su ba.

Zafi kuwa ya zo da gaske. Kafin azahar ganyen ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi. Waɗanda ke bakin layi suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya. Rijiyarmu ta ja baya, ruwan kanal kuma aka koma ba kullum ake sako shi ɓangarenmu ba. Rannan da sassafe na ji ƙarar babur a ƙofar gida, sai ga Yaya Baballe da jarkoki biyu da tsofaffin buhuna a ƙarƙashin hammata. Muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Ya kafa sanduna ya ɗaura buhunan daga sama yadda ranar safe za ta shiga, ta tsakar rana kuma ba za ta same su ba. Ya baza ɓuntun shinkafa a gindinsu don ƙasar ta riƙe sanyi. Da zai tafi ya tsaya bai kalle ni ba ya ce, "Ita akuyar ta ji faɗa. A yi mata afuwa." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Daga nan kullum sai ya kawo ruwa, kuma ko ganye bai ƙara taɓawa ba sai ya tambaya.

'Yan kaɗan ne suka kai labari. Rassan suka miƙe, ba su kai na farko tsawo ba, suka sake jera ƙulle-ƙullen nan. Na ƙasa suka kumbura, suka fara nuna launi. Ranar wata Talata na fito da buta sai na ga sun buɗe, wasu ja kamar jan lalle, wasu ruwan ƙwai, wata fara sol da ɗan rawaya a leɓenta. Na tsuguna ina kallo. Kyau kam akwai kyau, ban taɓa ganin irinsu ba, kowane fure a kumbure, bakinsa a rufe gam kamar yaron da aka hana alewa. Na leƙa bayansa ko akwai ɗa, babu. Na tona gindi kaɗan, babu komai.

Zuliha ta ce daga kan katanga, "To ina abin yake?"

Na ce, "Ina jin fa shi ke nan. Fure ne."

"Fure? Duk wahalar nan? To a yi me da shi?"

Abin da ni ma nake tambayar kaina ke nan. Yaya Baballe da ya shigo da jarkoki ya tsaya ya riƙe haɓa. Na ce, "Yaya, taimaka min mu fito da shi, ko yana so ko ba ya so." Ya shiga ya cicciɓo ƙaninsa kamar yaro, ya zaunar da shi dab da shukar. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ya daɗe yana kallon furannin. Sannan ya miƙa hannun hagu, ya tsinko ja guda ɗaya.

Na ce, "To ga shi na shuka, na gani. Fure ne. Sai ka gaya min abin da..."

Ya riƙe furen ta gefe da gefe da babban yatsa da manuni, ya matsa. Furen ya wangame baki. Ya saki, ya rufe.

Na ja da baya. "La ilaha illallahu! Yaya, ka ga abin da na gani? Baki ne da shi! Sake yi in gani. Kai, wannan wane irin abu ne, har da harshe a ciki, Zuliha zagayo ki ga ikon Allah..."

Ina magana furen na buɗewa yana rufewa, ɓaf-ɓaf-ɓaf, daidai da bakina. Ya juyo da shi yana fuskantata. Na yi shiru. Furen ya yi shiru. Na ce, "Wai me..." ya buɗe. Na kama bakina, ya rufe.

Yaya Baballe ne ya fara fashewa, ya dafa katanga yana tari. Zuliha ta sulale daga kan turmin da take takawa, ina jin dariyarta daga can gidan.

Na riƙe ƙugu. "Baban Rahma! Ni ce wannan? Tun daga Jos ka ɗauko abu, ka tsaya aka koya maka shukarsa, ka sa ni yayyafi da tsintsiya, na zagi akuya a gaban Yaya, duk don ka ce na cika surutu?"

Furen na ta ɓaf-ɓaf har na kai aya. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Wata murya ta fito daga maƙogwaronsa, a shaƙe, a karkace, amma dariyarsa ce, wadda rabona da ita tun kafin ya faɗi. Hawaye na bin kuncinsa, miyau na zuba ta gefen da ya mutu, yana ta yi. Na zauna a ƙasa kusa da shi na goge masa baki da gefen mayafina, ni ma ina yi, ban san ko dariya ba ce ko kuka.

Ya ɗaga furen ya kawo shi saitin fuskata yana jira. Sai na ci gaba. Na ba shi labarin sunan Madobi, da wadda ta zo da anko bai yi mata kyau ba, da yadda jaririn ya ɗebo hancinsa, da tsadar adaidaita, duk abin da ya zo bakina na faɗa don kada yatsunsa su tsaya. Da furen ya yamutse a hannunsa na miƙa hannu na tsinko masa wani.